Saura Maɓalli Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Sikeli ya yi yana auna kaya a ɗakin ajiya na tashar jirgin ƙasa, kuma a duk tsawon lokacin ba a taɓa kama shi da ƙarin kilo ɗaya ko ragi ba. Wannan bai jawo masa farin jini ba, don masu kaya sun fi son ma'aunin da ke jin magana. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo wadda aka yi kuskuren harafi ɗaya a sunansa, ya mayar da ita aka gyara. Sunan ma ba mai kiransa da shi. Tun yana saurayi abokan aiki suka laƙaba masa Sikeli, laƙabin ya bi shi har gida. Matarsa ma, in ranta ya ɓaci, da shi take kiransa.

Da kuɗin sallama ya ƙarasa ginin gidansa mai ɗaki uku, ya kafa ƙusa, ya rataye agogon, ya zauna yana duba ko yana tafiya daidai. Wata huɗu yana wannan aikin. Wata safiya matar ta ajiye masa shayi ta ce, "Baban yara, ko dai ka nemi abin yi, ko ni in nemi wurin zuwa."

Abin yin a ƙarƙashin gadon ɗansu ya fito, wanda aiki ya kai wani gari: wani littafi marar bango, da 'yar jaka cike da 'ya'yan lido, waɗannan masu fuska shida da ɗigo-ɗigo. Littafin yana koyar da wani wasa ne da ake yi a kan tebur da fatar baki. Mutum ɗaya ke riƙe labari, shi ne ƙasa, shi ne teku, shi ne duk mutanen da ke cikinsu. Sauran kowa zai ɗauki mutum guda na ƙirƙira ya riƙa faɗin abin da mutumin zai yi. In abu ya zo da shakka, a jefa ɗan lido ya raba gardama. Shafi ɗari biyu na littafin duk dodanni ne da takubba, Sikeli ya tsallake su kamar mai tsallake kwata. A can ƙarshe ya tarar da shafi goma sha ɗaya a kan fatauci: farashin gishiri a tasha kaza, kuɗin dako, nauyin da jirgin ruwa ke iya ɗauka. Ya karanta su sau uku. Matarsa ta ce rabon da ta ga fuskarsa haka tun ranar da aka kawo sabon ma'auni tasha.

A cikin shafukan akwai wani gargaɗi da ya ja wa layi da jan biro. Wai mai riƙe labari ya kula, in 'yan wasa suka yi arziki ba su da sauran dalilin fita daga gida, daga nan wasa ya mutu.

Mutum na farko da ya nema shi ne Tela, yayan matarsa. Wata biyu kacal Tela ya ba shi, shi ya sa Sikeli ba ya ce masa Yaya sai in zai ba shi labari marar daɗi. Tela yana da shago a ƙasan wani bene da ɗaki guda a sama, duka haya, shekara arba'in. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba. Abin da ya mallaka a duniya keken ɗinki ne, da almakashi biyu, da wani makeken teburin yanka da kafinta ya harhaɗa a cikin shagon, wanda ya fi ƙofa faɗi. Tela ya jawo Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke benen da ke kallon nasa. Sista ta jawo Direba, wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana jan bas a hanya ɗaya, kuma har yanzu in yana magana sai ka ɗauka injin na kunne.

Kowace Asabar da ƙarfe uku Tela zai kwashe yadi daga tebur, Sikeli ya shimfiɗa taswirar da ya zana a takardar yankan kaya. Jirginsu wani kwarkwaron zare ne da ya ƙare. Kuɗi kuwa maɓallai ne daga gwangwanin biskit ɗin Tela: baƙi ɗaya, fari goma, na tagulla ɗari. Direba ya ɗauki mai takobi. Sikeli ya so Sista ta zama mai magani, ta ce shekara talatin tana wanke gyambo, ba za ta zo wurin hutu ta ɗora ba, ta ɗauki ɓarauniya. Tela ya ɗauki mai jirgi, wani dattijon falke da suke kira Kyaftin.

Dokokin teburin guda biyu ne, duka Sikeli ya kafa su. Ta farko, ɗan lidon da ya faɗi a wajen tebur ba shi da hukunci. Direba ne ya jawo wannan, don nasa kullum sai ya gangara ƙasa, kuma kullum in ya sunkuya ya ɗauko sai ya ce shida ne. Ta biyu, ba a jefa wa wanda ba ya nan.

In jirgi ya iso tasha aka sayar da kaya, Sikeli zai ware uwar kuɗi gefe, ya kasa riba kashi huɗu: ɗaya na jirgi, don gyara da albashin ma'aikata, uku na masu shi. Wannan ne sashen da ya fi so a duk yinin. Yana yin sa a tsaye, tabarau a kan karan hanci, yana tura maɓallai da bayan biro. Direba kafin a tashi ya kashe nasa. Ya sayi takubba bakwai, da aku mai zagi, da wani doki da aka gano daga baya ba ya shiga jirgi. Sista tana kashe nata a wuƙaƙe da toshiyar baki. Tela shi kaɗai yake zuba nasa a wata 'yar jaka da ya ɗinka da ƙyallen aljihu, ya ɗaure bakinta.

Dalilin jakar ya samo asali tun shekarar farko. Jirgi ya tsaya a wani tsibiri, Sikeli yana bayyana musu titin bakin ruwa don dai a cika lokaci, sai ya ambaci wani gida mai koren ƙofa, da bishiyar lemo a tsakar gida, da taga mai kallon teku, na wani tsoho ne, an sa shi a kasuwa. Ya riga ya wuce zuwa kasuwar kifi sai Tela ya ce, "Tsaya. Nawa ne gidan?"

Sikeli bai shirya wa wannan ba. Ya faɗi babbar lambar da ta fara zuwa bakinsa. "Dubu."

"A kira min tsohon. Ɗari bakwai."

Sikeli ya shaƙe murya irin ta tsofaffi ya ce, "Albarka."

"Ɗari tara."

"Albarka. Tsohon nan ba ya ragi."

"To a ce masa ya jira ni."

Direba ya ce, "Kai kuma me za ka yi da gida a cikin takarda? Ka sayi bindigar jirgi mana."

"Zama zan yi," in ji Tela. "In rufe ƙofa in buɗe, in kafa ƙusa inda na ga dama. Ƙarshen wata ya zo ya wuce ba wanda ya ƙwanƙwasa."

Aka yi dariya aka wuce, amma Sikeli bai yi ba. Ya hango abin da jan layin nan ya faɗa: Kyaftin ya sayi gida ya zauna, jirgi ba mai shi, Asabar ta koma rana irin sauran ranaku, shi kuma ya koma gaban agogo. Yana isa gida ya buɗe sabon shafi a bayan littafin lissafinsa, ya rubuta a sama: Hanyoyin rage riba. Ya fara da ɓeraye.

A shekara tara hanyoyin suka kai arba'in da bakwai. Akwai danshi da ke shiga gishiri, akwai harajin tasha, da harajin fitilar bakin teku, da kuɗin jami'in da ke karɓar harajin. Akwai 'yan fashi, da igiyoyin da ke ruɓewa, da faɗuwar farashi a daidai ranar da aka iso. Kada a ce ya yi maguɗi. Kowace hanya a rubuce take tun kafin ranar, da lambarta, kuma bai taɓa ƙarya a lissafi ba. Duniyar kawai ya yi mai tsada. Jakar Tela ta kan kumbura ta kai ɗari takwas, sai wani abu ya faru a teku ta saɓe.

"Wannan tekun naka," Tela ya kan ce, "ko mai benen nan ya fi shi imani."

"Ba ni ba ne, Yaya. Kasuwa ce."

"In na ji Yaya a bakinka, hannuna da kansa yake tafiya wurin jaka."

Duk da haka bai taɓa fashin Asabar ba. Ko ana gobe bikin wani ne, kaya jibge a kan keke, ƙarfe uku na yi zai kwashe yadi.

Sista ce ta fara lura, a shekara ta tara. Wata Asabar bayan an tashi ta bi Sikeli har bakin titi inda yake jiran bas.

"Ka ga bel ɗin Tela?" ta ce. "Ya ƙara huda biyu. Kuma ya daina shan shayin, riƙe kofin kawai yake yi."

"Tsufa ne."

"Na san tsufa, ina cikinsa. Na raka shi asibiti ranar Talata. Ya ce kada in faɗa wa ƙanwarsa, kai kuma bai ambace ka ba." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ka sayar masa da gidan nan."

"Ba nawa ba ne. Na tsohon ne."

"Sikeli, ni ba Direba ba ce."

Bas ta zo, ya shiga. Kwana uku yana juya maganar. A rana ta huɗu ya yanke shawara, kuma da yake shi mutum ne da ba ya yin abu rabi-rabi, ya ga cewa gidan da aka jira shekara tara ba a miƙa shi haka kawai kamar canjin bas. Ya sayi farar takarda mai kauri ya fara zana gidan: taga, bishiyar lemo, matakala uku. Ya yanka mabuɗi da kwali, zai lulluɓe shi da takardar azurfa ta cikin kwalin shayi. Ya yi lissafi tsaf. Jirgi na kan hanyar tsibirin da barkono da man fitila, tafiyar za ta ci Asabar biyu. A ta biyun za a sayar, jakar Tela za ta haura dubu, ba ɓera, ba haraji. Kafin nan ya gama zanen. Abin da ya rage masa koren fenti ne na ƙofa, don wanda ya samu a kantin kusa ya yi duhu.

Abin da bai lissafa ba shi ne hannun Direba. A Asabar ta farko aka zo neman iska, Direba ya jefa, shida. Ya sake, shida.

"A kan tebur ya faɗi," in ji Direba. "Kowa shaida ne."

Bisa ƙa'idar da Sikeli ya rubuta da hannunsa, shida biyu a jere iska ce mai kai jirgi a rabin lokaci. Ƙarfe biyar da kwata kwarkwaron zare yana bakin tsibiri. Aka sayar da barkono, aka sayar da mai. Sikeli ya miƙe ya ware uwar kuɗi, ya kasa huɗu. Kowa ɗari da saba'in.

Tela ya kwance bakin jakarsa. Ɗari takwas da saba'in ne a ciki. Ya haɗa, ya canza farare da na tagulla, ya jera su a kan layin allin tebur: na tagulla goma, farare huɗu. A waje mai gyaran takalmin bakin shago yana buga ƙusa.

"A kira min tsohon," in ji Tela.

Zanen yana can gida a kan kabad, ƙofarsa fara fat. Mabuɗin kwali ne tsirara. Sikeli ya dubi littafinsa. Mako ɗaya kawai yake bukata, kuma ya san hanyoyi arba'in da bakwai na samun mako ɗaya.

"Yaya," ya ce.

Sista ta rufe ido.

"Akwai rajistar baƙo. Wanda ba haifaffen tsibiri ba ne, in ya sauka da kuɗi sama da dubu, zai biya hamsin." Ya juyo musu da littafin. Lamba ta talatin da ɗaya ce, shekara biyar da rubuta ta, tawadar har ta koɗe.

"Ka ji tsoron Allah, Sikeli," in ji Direba, a hankali, abin da ba a saba ji daga gare shi ba.

Tela ya yi dariya har ta juye ta zama tari. Da ya lafa ya tura na tagulla ɗaya, ya karɓi canjin farare biyar. "Ɗari tara da casa'in. Saura fari ɗaya. Ai akwai ƙullin igiya a jirgi da ba mu sayar ba."

"Kasuwar igiya ta tashi. Ƙarfe shida ta yi. Sai Asabar."

"Sai Asabar," in ji Tela, yana mayar da maɓallai jaka ɗaya bayan ɗaya. "Ka dai ce wa tsohon ya riƙe ransa kafin nan."

Ranar Sista ba ta raka kowa bakin titi ba.

Litinin Sikeli ya sami koren da yake so a wani kanti can bayan kasuwa. Talata ya shafa, ya yi kyau. Laraba da hantsi mai gyaran takalmi ya leƙa shago neman aron almakashi, ya tarar da Tela kwance tsakanin keke da tebur, aka kwashe shi sai asibiti.

Ranar Juma'a Sikeli ya je asibiti a lokacin ziyara, bayan matarsa, da ke jinyar yayanta, ta fita wanke kwanuka. Gado na shida ne, kusa da bango. Ya ja kujera, ya ciro ambulan daga aljihu, ya zazzage farare biyar a kan bargo.

"Hukumar tsibiri ta sake duba takardu. An gano kuskure. An maido maka hamsin ɗinka."

Tela ya dubi maɓallan. "Kuskuren wa?"

"Na akawunsu."

"Akawunsu ai kai ne. Shekara arba'in na san ka, ba ka taɓa kuskure ba, shi ya sa ba ka da abokai. Yau don ka gan ni da robar ƙarin ruwa a hannu za ka fara? Likita ya faɗa maka wani abu ne?"

"A'a."

"To kwashe. In na karɓa ya zama kyauta. Na gaji da zama a gidan da wani ya yi min alfarma. Wannan da kuɗina zan saya."

Sikeli ya kwashe. Ya ciro ɗan lido daga ɗaya aljihun. "To mu sayar da igiyar yanzu. Abin da ya fito a ninka uku. Huɗu ko sama, ka cika."

Tela ya juya kai ya dubi ɗan teburin ƙarfe da ke gefen gado, da kofi da kwalbar magani a kai. "Wannan ne tebur? Ɗan lidon da ya faɗi a waje, dokar wa ce?"

"Tawa."

"To ka gani. Bari in koma." Ya rufe ido, har Sikeli ya ɗauka barci ne. Can ya ce, "Tagar nan, da gaske tana kallon teku, ko irin ta dillalai ce, sai ka miƙa wuya ta gefe?"

"Gaba da gaba take. Kana kwance ma kana gani."

"Madalla."

Zanen yana cikin jakar da ke kan cinyar Sikeli, a naɗe da roba. Hannunsa ya kai kan zif ɗin, ya tsaya. Na ranar ciniki ne. Aka kaɗa ƙararrawar tashin baƙi, ya tashi da jakarsa.

Ranar Litinin da safe Tela ya rasu. Aka binne shi a ranar. Mai bene ya zo gaisuwa, ya yi ta'aziyya mai kyau, kuma kafin ya saki hannun Sikeli ya ambata cewa akwai wanda ke son shagon daga farkon wata. Aka ba wani keken, aka raba yadin ga masu shi. Tebur ya ƙi fita, kamar yadda aka sani tun shekara arba'in, sai aka yi da kafinta zai zo da zarto ranar Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe biyar.

Ba wanda ya kira wani, amma ƙarfe uku na ranar sai ga su su uku a shagon. Matar Sikeli tana can ciki tana zuba tarkacen yayanta a kwali. Sikeli ya shimfiɗa taswira don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Kwarkwaron zare na nan a bakin tsibiri. Jakar ƙyalle tana gaban kujerar da ba kowa.

Direba ya laluba aljihu ya ajiye fari ɗaya. "Na sayar da akun. A cika masa."

"Ya ƙi kyauta," in ji Sikeli. "Na kai masa har gado."

"To a jefa masa na igiyar," in ji Sista.

"Ba a jefa wa wanda ba ya nan."

Direba ya miƙe, kujera ta yi ƙara. "Wallahi in ba don tsufa ba, da yau na auna ka a ƙasa."

"Wane ne magajinsa?"

Matar Sikeli ce, tana tsaye da dutsen guga a hannu. Shekara tara ba ta taɓa tambayar abin da ake yi a teburin nan ba, illa ta kan ce gara wannan da zaman kallon agogo.

"A wasan?" in ji Sikeli.

"A ko'ina. Ba shi da ɗa, ba shi da mata. Ni ce." Ta ajiye dutsen gugar, ta zauna a kujerar yayanta, ta jawo jakar gabanta. "Wanda ba ya nan ba ya nan. Ni ina nan. Me ake yi?"

Sikeli ya duba ta kowace fuska bai ga inda doka ta hana ba. Sista ta yi mata bayani: igiya ce za a sayar, abin da ya fito a ninka uku, ana neman huɗu ko sama. Ta karɓi ɗan lidon ta juya shi kamar mai duba ko ƙwai ya lalace, ta sake shi a kan tebur. Ya gangara, ya bugi gwangwanin biskit, ya tsaya.

Biyu.

Direba ya buga gwiwa a ƙafar tebur kamar bisa kuskure. Tebur ne da aka yi don ya daɗe, ɗan lido ko gezau.

Sikeli ya ƙirga baƙaƙe shida ya tura. Ɗari tara da casa'in da shida. Ya buɗe bayan littafinsa ya fara bi da yatsa, daga ɓeraye har zuwa lamba ta arba'in da bakwai, ya koma sama ya sake bi. Yana neman guda ɗaya da ke ƙara wa mutum wani abu. Ya juya shafi na gaba, fari ne. Na bayansa ma fari.

"Saura nawa?" matar ta tambaya.

"Huɗu."

"Huɗu na me?"

Ya nuna mata baƙin maɓalli, irin na wuyan riga, wanda ake zubarwa in an share shago.

Ta dube shi, ta dubi maɓallin. "Gidan na wane ne?"

"Na wani tsoho."

"Yana ina?"

Direba da Sista suka dubi Sikeli.

"Sikeli," ta ce. "Tsohon nan, da bakin wa yake magana?"

"Da nawa."

"To tambaye shi. Ɗari tara da casa'in da shida, kuɗi a hannu, na yayana ne, guminsa ne."

Sikeli ya gyara tabarau. Ya shaƙe maƙogwaro don ya ɗauko muryar tsohon, wadda ya yi shekara tara yana cewa albarka da ita. Muryar ta ƙi zuwa. Ya sake gwadawa. A ƙarshe da tasa muryar ya faɗa, ta ma'aunin tasha, ba ado.

"Na sallama."

Ya tattara maɓallan ya ƙirga su sau biyu, don haka ake yi, ya zuba a gwangwani. Sannan ya buɗe jakarsa ya warware zanen a kan taswira, ya danne gefe da almakashi. Ya ciro mabuɗin, yana ƙyalli da takardar azurfa, ya riƙe shi a sama kaɗan yadda ya yi ta gwadawa a gida. Ba wanda ya miƙo hannu.

Matar ta sunkuya a kan zanen. Ta bi matakala ukun da yatsa, ta tsaya a ƙofar.

"Koren ya yi kyau," ta ce. "Ya gani?"

"A'a."

Ta janye yatsanta. Sannan ta tashi ta ɗauki dutsen gugar ta koma wurin kwalayenta.

Kafinta ya zo biyar saura ashirin, yana ba da haƙuri wai yana da wani aikin a gaba. Suka naɗe taswira. Direba ya ce za a iya ci gaba a gidansa, yana da tebur, sai dai ƙafa ɗaya na rawa. Kowa ya ce to, za a duba. Ba a duba ba har yau. Sista ta koma wurin 'yarta a wata unguwa. Direba in sun haɗu da Sikeli a titi sukan gaisa su tambayi gwiwoyin juna. Mabuɗin yana rataye a ƙusa ɗaya da agogon bango, kuma matar, wadda ke goge komai na gidan, tana goge agogon ta tsallake shi.

Amma a ranar, da zarto ya fara cin katako, Sikeli ya tuna bai rufe lissafi ba. Ya fita bakin shago ya zauna a kan bencin mai gyaran takalmi, ya ɗora littafin a gwiwa. Ya rubuta kwanan wata. Ya rubuta: Gida mai koren ƙofa, an sayar wa Kyaftin. A ƙarƙashi ya rubuta kalmar da bai taɓa rubutawa ba a shekara talatin da ɗaya na tasha da tara na tebur: Ragi, huɗu.

Ya tsaya yana kallon ta. Ko rabin layi ba ta ci ba.